Ya faɗi sunan marigayi babanmu daidai, shi ke nan ya zama annabi?

Ɗan_Kabong:
Salamar Ubangiji, 'yan'uwa. Kaina ya kulle, ku taimake ni da shawara. Mamarmu ta fi shekara 30 tana sujada a ikilisiyar da aka yi mata baftisma, har ma'ajin zumuntar mata ta taɓa riƙewa. Wata uku da suka wuce wata maƙwabciya ta ja ta zuwa wani shago da aka mayar wurin addu'a, can wajen Gada Biyu. Ranar farko mutumin ya kira ta daga cikin taro, ya faɗi sunan marigayi babanmu, ya faɗi watan da ya rasu, ya ce ƙanwata ta yi ɓari sau biyu. Duka haka ne. Daga nan sai ya ce gwaggonmu da ke ƙauye ce ta ɗaure gidan. Yanzu mama ba ta ɗaga wayar gwaggo, ta sayi kwalbar man shafewa naira 15,000, kuma makon jiya na tarar ta ajiye maganin hawan jini, wai shan sa rashin bangaskiya ne. Da na yi magana sai ta ce, "To in ba Allah ne ya nuna masa ba, wa ya gaya masa sunan babanku?" Na rasa amsa. Yaya ake gane annabin ƙarya alhali abin da ya faɗa daidai ne?

Nas_Rikkos:
Kafin a shiga tauhidi, don Allah ƙanena, yau ɗin nan ka kai ta a gwada jininta. Hawan jini ba ya sallama. Mutum na jin garau, sai a wayi gari ɓarin jiki ya shanye. Na ga irin wannan a wurin aiki ba sau ɗaya ba, ana shigowa da tsohuwa da kwalbar mai a jaka, katin asibiti kuwa an bar shi a gida. Annabin ba ya biyo su, 'ya'ya ne ke kwana a benci.

Keke_Terminus:
Naira 15,000? Man zaitun ɗin da ake sayarwa a kowane kemis? Ashe ni na kuskure sana'a.

Na_Tuba_2019:
@Ɗan_Kabong tambayar mama tana da amsa, kuma ni na san ta don da hannuna na yi aikin. Shekara biyu ina cikin masu tarbar baƙi a wani wuri irin wannan, ba zan faɗi suna ba. Duk baƙon da ya zo muna ba shi takarda ya cike: suna, unguwa, lambar waya, abin da yake so a yi masa addu'a a kai. Wanda ba ya rubutu mu zauna kusa da shi muna hira kamar tausayi. Wadda ta kawo baƙuwa kuma ana kiranta gefe tun kafin ranar. Kafin a gama waƙoƙin yabo takardun sun isa ofis. In aka hau bagade sai ka ji "Akwai wata mata a nan, mijinki ya rasu a watan Agusta." Jama'a su fashe da ihu, ni kuma ina tsaye a baya na san daga bakina maganar ta fito. Ka bincika maƙwabciyar nan. Ba lalle da mugun nufi ta yi ba, wataƙila ce mata aka yi a kawo bayani don a yi azumi a kai.

Ɗan_Kabong:
Kai! Ita ce ma ta kwana da ƙanwata a asibiti a ɓarin na biyu.

Wutar_Ruhu:
Na san inda zancen nan zai dosa. Yanzu za a yi wa duk mai baiwar annabci kuɗin goro. Ku 'yan manyan ikilisiyoyi, da kun ga majami'a a shago sai ku ce ɗan damfara ne. Ikilisiyar farko a gidajen mutane take taruwa. Bulus ya ce kada a kashe Ruhu, kada a raina annabci, 1 Tasalonikawa 5:19-20. Ni nan an taɓa yi mini annabci a kan aiki, ban cike takardar kowa ba, kuma ya cika.

Almajirin_Bukuru:
@Wutar_Ruhu ɗan'uwa, ka ƙarasa zuwa aya 21 mana: a gwada kome, a riƙe abin da ke nagari. Wanda ya hana raini shi ne ya umarci gwaji, numfashi ɗaya. Ban musa shaidarka ba.

Amma ga abin da nake so @Ɗan_Kabong ya kai wa mama. A ce ma babu takarda, babu maƙwabciya, mutumin ya san sunan ta hanyar da ba ta mutum ba. Wannan bai isa ba. Yawancinmu Maimaitawar Shari'a 18:22 muka haddace, cewa in annabi ya faɗi abu bai faru ba, ba Ubangiji ne ya aiko shi ba. Sai mu juya ta, mu ce ashe in ya faru Ubangiji ne. Ba haka littafin ya ce ba. Koma baya zuwa sura 13: annabi ya ba da alama, alamar ta cika, amma yana jan ku zuwa wata hanya dabam, an ce kada a saurare shi. Dubi kuma kuyangar nan ta Filibi a Ayyukan Manzanni 16. Tana bin su Bulus kwana da kwanaki tana cewa bayin Allah Maɗaukaki ne masu shelar hanyar ceto. Ko kalma ɗaya ba ta yi ƙarya ba. Duk da haka ruhun duba ne, iyayengijinta kuma kuɗi suke samu da ita, shi ya sa da Bulus ya fitar da ruhun suka ja shi gaban mahukunta. Boka ma yana faɗin sunan kakarka. Tambayar ita ce, bayan ya faɗi sunan, ina ya kai ki? Wannan ya kai mama ga ƙin 'yar'uwar mijinta, ga kwalba, ga barin magani. Ban ji an ambaci tuba ko gicciye ba.

Mama_Zumunta:
Amin ɗana. Ni abin da ya fi ci mini rai maganar gwaggon ce. A zamaninmu mai bishara in ya shigo gari, gidajen da ba sa ga maciji yake fara sulhuntawa. Na yanzu kuwa da ya buɗe baki sai uwar miji, sai kishiyar uwa, sai yaron da aka ɗauko riƙo daga ƙauye wai yana ƙungiyar asiri. Na san yarinya 'yar shekara tara da aka yi wa dukan kawo wuƙa a unguwarmu saboda irin wannan wahayi. Har yau ba ta iya kallon mutum ido da ido. Ba ka taɓa jin wahayin ya faɗa kan mai kuɗin dangi ba, kullum gwauruwa ko maraya.

Keke_Terminus:
Mama kin gama magana. Mai kuɗin dangi ai shi ake kira gaba ya shuka iri.

Wutar_Ruhu:
@Almajirin_Bukuru to Yunusa fa? Ya ce saura kwana 40 a hallaka Nineba, ba a hallaka ta ba. Da ma'auninka shi ma annabin ƙarya ne ke nan.

Almajirin_Bukuru:
Tambaya mai kyau. Irmiya 18:7-8 ta warware ta: in Allah ya yi shelar hukunci a kan al'umma, ta tuba, yakan janye. Mutanen Nineba sun tuba tun daga sarki har talaka. Wannan dabam yake da wanda ya ce wane zai ci zaɓe, wane ya faɗi, sai ya dawo ya ce ai a ruhaniya ya ci. Ku tuna kafin zaɓen 2023, kowane ɗan takara da annabawansa, kowa kuma "Ubangiji ya ce". Ubangiji ɗaya, kujera ɗaya. Nawa ne suka fito suka ce sun yi kuskure?

Ladi_TudunWada:
Ni dai ina tsoro. An ce kada ku taɓa shafaffuna, kada ku cuci annabawana. In mutumin na Allah ne fa, mu muna nan muna zaginsa a waya?

Baba_Rabaran_Mai_Ritaya:
'Yata Ladi, tsoronki ba laifi ba ne, amma an yi amfani da ayar nan an rufe bakin mutane da yawa. Zabura 105 ce, aya 15. Karanta daga sama ki gani. Zancen Ibrahim da Ishaku da Yakubu ake yi, lokacin da suke 'yan kaɗan suna yawo a ƙasashen wasu, Allah ya tsawata wa sarakuna kada su cuce su. Kāriya ce ga marasa ƙarfi a gaban masu iko. Yau mai iko ne ke ɗaukarta yana kāre kansa daga tambayar marasa ƙarfi. Dawuda ya ƙi kashe Saul don shafaffe ne, amma ya tsaya a bakin kogo ya faɗa masa laifinsa ƙiri-ƙiri. Bulus ya tsawata wa Bitrus a gaban jama'a a Antakiya. Mutanen Biriya kuwa, Bulus kansa ne ya yi musu wa'azi, suka koma suna bincika Littattafai kowace rana su ga ko haka ne, aka yabe su, ba a la'ance su ba.

Na yi shekara 38 ina aikin nan. Abin da na lura, ba a cika gane su a bagade ba, a can kowa mala'ika ne. Ki tambaya: wa ke iya ce masa a'a? Wa ke ƙirga baiko, shi da matarsa ko dattawa? In ya yi laifi wa zai sa shi a horo? Matarsa da maƙwabtansa me suke cewa? Yesu ya ce da 'ya'yansu za a san su, itace kuwa ba ya 'ya'ya rana ɗaya. Sai an yi haƙuri an ga damina da rani.

Ɗan_Nyanya:
Ina gaisuwa Baba. Amma a faɗi gaskiya, laifi tudu ne. Ikilisiyoyin da ke da dattawa da majalisa da kundin tsari ma ana cin kuɗi, ana siyasar kabila wajen zaɓen shugabanni, ana yi wa fasto canjin wuri maimakon horo. Kuma me ya sa mama ta tafi shagon tun farko? @Ɗan_Kabong kada ka ji haushi, bayan rasuwar baba sau nawa aka zo gaishe ta daga ikilisiyarku?

Ɗan_Kabong:
Ba haushi. Makon farko gida ya cika. Bayan wata ɗaya sai mai karɓar kuɗin gini.

Baba_Rabaran_Mai_Ritaya:
Na karɓi wannan, ɗana. Ezekiyel 34 da mu take, makiyayan da ba su ɗaure wadda ta karye ba, ba su nemo wadda ta ɓace ba. Tunkiyar da aka bari a jeji ba za a zarge ta don ta bi muryar da ta kira sunanta ba.

Gimbiya_Rantya:
In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ma muna son a gaya mana abin da kunne ke so. Ka je inda ake binciken Littafi ranar Laraba, mutum 12. Ka je inda aka ce za a fasa asirin maƙiyanka, babu wurin tsayawa. Ahab yana da annabawa wajen 400 masu ce masa ya tafi Ramot Gileyad zai ci nasara, ya ƙi jinin Mikaiya shi kaɗai don ba ya faɗa masa alheri. Ya tafi, gawarsa aka dawo da ita. Kasuwa ce, in babu masu saye ba za a kasa kaya ba.

Ɗan_Nyanya:
Shi ya sa nake ganin gwamnati ta shigo. A Ruwanda tun 2018 doka ta ce sai kana da digirin tauhidi za ka shugabanci majami'a, kuma an rufe dubban wuraren sujada da ba su cika ƙa'ida ba. Nan kuwa kowa ya sami janareta da lasifika da kujerun roba 20 ya zama Babban Manzo.

Lauya_Rayfield:
A'a, a nan na rabu da kai. Rajistar da ake yi a hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta CAC ta amintattun majami'a ce, ba ta duba koyarwa, kuma gara haka. Kana so ma'aikacin gwamnati ya zauna ya yanke wane ne annabin gaskiya? A ƙasar nan? Ka manta hayaniyar da aka yi kan dokar kamfanoni da ƙungiyoyi ta CAMA ta 2020, da ƙungiyar Kiristoci ta CAN ta tashi tsaye saboda sashen da ya ba hukuma ikon dakatar da amintattu? Dokokin da ke akwai sun isa in za a yi aiki da su. Damfara laifi ce ko a shago ko a bagade, dukan yaro laifi ne. Rabaran King na Legas kotu ce ta yanke masa hukuncin kisa a 2007 kan cinna wa mabiyansa wuta, wadda ta yi sanadin mutuwar mace ɗaya, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar a 2016. Ba a buƙaci sabuwar doka ba. Matsalar ita ce waɗanda aka cuta ba sa kai ƙara, suna tsoron la'ana.

Wutar_Ruhu:
Kuma digiri ba ya ba da Ruhu. Bitrus masunci ne. Amos makiyayi ne.

Almajirin_Bukuru:
A nan muna tare. Akwai masu digiri har uku da ke musun tashin Yesu daga matattu. Sai dai Bitrus ya yi shekara wajen uku yana bin Malam kafin ya buɗe baki a Fentikos. Kuma a bambanta mai kuskure da maƙaryaci. Afolos yana wa'azi da zafi amma saninsa bai cika ba, Bilkisu da Akila suka ja shi gefe suka gyara masa, ya karɓa. Wannan ba malamin ƙarya ba ne. Ka gyara wa mutum ka ga yadda zai yi, a nan ake rabuwa.

Wani abu da muka karanta a ajin tarihin ikilisiya ya ba ni dariya. Akwai wata tsohuwar takardar koyarwa da ake kira Didake, ta wajen ƙarshen ƙarni na farko ko farkon na biyu. Ta ce in manzo mai yawo ya sauka a wurinku a karɓe shi kwana ɗaya, in da bukata biyu, in ya kai uku annabin ƙarya ne. In zai tafi a ba shi gurasar da za ta kai shi masauki na gaba, in ya roƙi kuɗi annabin ƙarya ne. Ashe tun wancan lokacin suna fama.

Keke_Terminus:
Kwana uku? Akwai wanda ya zo taron farkawa na kwana uku a layinmu, bana shekararsa ta huɗu, har ya sayi fili.

Fasto_Karamin_Reshe:
Ku yi mana adalci kaɗan. Ba duk maganar kuɗi ce alamar ƙarya ba. Ma'aikaci ya cancanci ladansa, 1 Timoti 5:18. Akwai fastocin ƙauye da ke wata uku ba albashi, suna noma da hannunsu, wasu ma an kore su daga gonakin. Bambancin shi ne sayar da baiwar Allah. Elisha ya ƙi karɓar ko ƙwandala daga Na'aman, Gehazi ya bi shi a baya ya karɓa, ya kwashi kuturta. Siman mai sihiri ya miƙa kuɗi, Bitrus ya ce kuɗinsa su hallaka tare da shi. In an sa wa addu'a farashi, ta naira 5,000 dabam ta 50,000 dabam, ba sai an yi wahayi ba kafin a gane. Bulus ma da ya tara gudummawa don Urushalima bai yarda ya ɗauke ta shi kaɗai ba, sai da ikilisiyoyi suka zaɓi wanda zai raka ta, don kada a sami abin zargi.

Nas_Rikkos:
Ina dawo da ku kan magani don kun wuce shi da sauri. Duk wanda ya raba mutum da asibiti, da makaranta, da danginsa, ni ba na jiran in ji tauhidinsa. Shakahola ta Kenya ba da kabari aka fara ba. Paul Mackenzie ya fara ne da wa'azin cewa boko da asibiti na Shaiɗan ne, sannan aka koma daji, sannan azumi har mutuwa don a sadu da Yesu. Daga Afrilun 2023 an tono gawa fiye da 400, da yara a ciki. A Kanungu ta Yuganda, Maris 2000, mutane sun sayar da kayansu don an ce duniya za ta ƙare, ba ta ƙare ba, aka rufe su a majami'a aka sa wuta, da gawarwakin da aka gano daga baya sun haura 700. Kada a ce nesa ne: a garin Ondo, Yulin 2022, 'yan sanda sun fito da mutum 77 daga ɗakin ƙarƙashin wata majami'a, suna jiran fyaucewa, wato a ɗauke masu bi zuwa sama. Luka likita ne. Ishaya annabi ne na gaske, shi ya ce a shafa wa Hezekiya curin ɓaure a maruru. Kutaren da Yesu ya warkar ma cewa ya yi su je firistoci su duba su. Warkarwar gaske ba ta tsoron gwaji.

Ladi_TudunWada:
Wayyo. Ban san na Ondo ba.

Gimbiya_Rantya:
Masu sa rana kuma ba sa gajiya. Harold Camping na Amurka ya ce ranar shari'a 21 ga Mayu 2011 ce, aka cika duniya da alluna, da ta wuce ya ɗaga zuwa Oktoba. Alhali Matiyu 24:36, da ta ce ba wanda ya san ranar sai Uba, na nan ba ta goge ba.

Wutar_Ruhu:
Waɗannan ai kowa ya san ɓatattu ne. Ni abin da nake cewa, kada tsoron jabu ya sa a daina karɓar kuɗi gaba ɗaya. A 1 Korantiyawa 14:29 annabawa biyu ko uku su yi magana, sauran su auna. Mu a wurinmu haka muke yi, kuma fastonmu ya taɓa tsayar da wani baƙon mai wa'azi a tsakiyar sujada da ya fara kiran sunayen mayu. Amma ban yarda a ce annabci ya ƙare ba. Na wannan shagon dai, in da gaske ya hana magani, ba na kāre shi.

Mai_Kula_Da_Zaure:
Tunatarwa: ban da kiran sunan majami'a ko na mutum. Na goge saƙo biyu. Mai tambaya shawara ya nema.

Mama_Zumunta:
Ɗana na Kabong, kada ka je mata da ayoyi kamar lauya, za ta ƙara ƙanƙame shi. Uwa ba ta son ɗan da ta haifa ya nuna mata an yi mata wayo. Ka nemi ƙawayenta biyu na zumunta, waɗanda suka yi ɗinkin anko tare shekara da shekaru, su riƙa zuwa hira. Ba wa'azi ba, hira. In ka ba ni unguwar ta saƙon sirri ni ma zan je, ƙafata ce dai ke ciwo amma keke na kaiwa.

Ɗan_Kabong:
Na gode ƙwarai, iyaye da 'yan'uwa. Ga inda ake. Jiya na kai ta an gwada, jinin ya hau sosai, da ta ga fuskar mai gwajin ita da kanta ta tsorata, ta koma shan maganin. Na tambayi maƙwabciyar cikin ladabi, ta ce an dai tambaye ta tarihin gidan "don addu'a". Na gaya wa mama, ta yi shiru, can ta ce ko da an gaya masa sunan, ai ba a gaya masa tana mafarkin baba ba. Ta ce ranar Laraba za ta koma. Maganar gwaggo kuwa ba ta motsa ba. Shekaranjiya gwaggo ta aiko da acca rabin buhu daga ƙauye kamar yadda ta saba kowace kaka. Mama ta ce kada a shigar da ita kicin. Tana nan a baranda.

Na_Tuba_2019:
Wace gwauruwa ce ba ta mafarkin mijinta? Wannan ma yana cikin abin da ake jefawa, a taron mutum 100 dole ya sami wata.

Baba_Rabaran_Mai_Ritaya:
Kada ka faɗa mata haka yanzu. Ka kira gwaggonka ka yi mata godiya, kada ta ji shiru daga gidan ɗan'uwanta.

Keke_Terminus:
Accar kuma ka sa ƙanwarka ta yi gwate, ku zauna a gaban mama ku sha. In kuna tsoro ku kira ni, ina da cokalina.